Me ake nufi da "hutun ƙarshen kaka" a tseren keke?

Wanda ya fara cuɗanya da masu tseren keke ba zai daɗe ba sai ya ji ana zancen hutun ƙarshen kaka. Kalmar "hutu" ɗin nan tana ruɗa sababbin shiga, har wasu su ɗauka jingine keke ake yi a bango sai baɗi. Abin da ake nufi shi ne watannin da ke tsakanin tseren ƙarshe na bana da tseren farko na kaka mai zuwa. A wajen ƙwararru, manyan tseren da ke ƙarƙashin hukumar tseren keke ta duniya, UCI, suna ƙarewa a watan Oktoba da Il Lombardia a Italiya da tseren Guangxi a ƙasar Sin, sannan a sake buɗe fage a Janairu da Tour Down Under a Ostareliya. Shi kuwa wanda ke tsere don sha'awa, ga aiki ga iyali, babu kocin da zai yanka masa ranaku. Shi zai zauna ya tsara wa kansa.

Hutu na gaskiya a cikin waɗannan watanni ɗan kaɗan ne, mako biyu ko uku. Jiki na bukatarsa, gwiwa da baya su warke, zuciya ma ta sake marmarin hawa sirdi. Amma akwai dalilin da ya sa ba a jan sa da tsawo. A wani bincike da Edward Coyle da abokan aikinsa suka fitar a Amurka a 1984, 'yan wasan da suka daina atisaye gaba ɗaya sun rasa kimanin kashi 7 cikin ɗari na ƙarfin jikinsu na amfani da iskar oksijin cikin kwana 21, kuma kafin wata biyu asarar ta kai kashi 16. Ke nan wanda ya kwanta wata uku, sai ya yi aiki sosai kafin ya dawo inda yake.

Bayan an huta, aikin farko da biro da takarda ake yinsa. A ɗauki jadawalin baɗi a zaɓi tsere ɗaya, ko biyu idan akwai tazarar watanni a tsakaninsu, a ce wannan shi ne babban buri. Masu horarwa sukan kasa tsere gida uku: A shi ne wanda ake so a isa wurinsa da cikakken ƙarfi, B na gwada kai ne, C kuma atisaye ne kawai da lamba a baya. Daga ranar tseren A sai a riƙa ƙirga makonni ana komawa baya: mako ɗaya ko biyu na sassauta aiki gab da tsere, kafin su makonnin atisaye mai zafi, kafin su kuma doguwar zangon gina tushe. Wannan tsari na raba shekara zango-zango ya samo asali ne daga masana wasanni na Tarayyar Sobiyet, musamman Leo Matveyev a shekarun 1960.

Gina tushe shi ne ainihin aikin wannan lokaci, kuma a nan yawancin masu sha'awa ke ɓata rawarsu da tsalle. Tuƙi ne mai tsawo a hankali, wanda za ka iya yin hira da na kusa da kai ba tare da numfashi ya sarƙe ba. A hankali ɗin nan ne ƙananan jijiyoyin jini ke ƙaruwa a cikin tsoka, jiki kuma ya ƙware wajen ƙona kitse, ya adana sukarinsa don lokacin da tsere ya yi zafi. Stephen Seiler, masani ɗan Amurka da ke aiki a Norwe, ya lura cewa gwanayen wasannin juriya suna yin kusan kashi 80 na atisayensu a wannan sauƙi, sauran kashi 20 ne kawai mai tsanani. Matsalar ita ce tuƙin sannu ba ya burge kowa. Ka fita da niyyar tafiya a hankali, wani ya wuce ka fuu, kafin ka ankara ka bi shi. Manhajoji irin su Strava da Zwift sun ƙara wa abin wuta, domin ko kana kan keken atisaye a cikin ɗaki akwai wanda ke neman ya tsere maka.

Sai dai a yi adalci: ƙwararre yana iya zuba awa ashirin ko fiye a mako, mai aikin ofis kuwa da ƙyar ya samu shida. A ganina, mai awa shida ya riƙe doguwar fita ɗaya a ƙarshen mako, ya saka zama ɗaya ko biyu masu ɗan nauyi a tsakiya, ya ƙara ɗaga ƙarfe don ƙugu da cinya. Mako uku ana ƙara nauyi, na huɗu a sassauta.

To, da me za a auna ci gaba? Masu na'urar auna ƙarfin taka feda suna amfani da abin da ake kira FTP, wato ƙarfin da mutum zai iya riƙewa na kusan awa guda, ana lissafa shi da wat, wato ma'aunin ƙarfi. Hanyar da aka fi sani ita ce a tuƙa iya ƙarfi na minti 20, a ɗauki kashi 95 cikin ɗari na matsakaicin abin da aka samu. Wanda ya yi wat 240, FTP ɗinsa 228 ne, kuma tuƙin tushensa zai tsaya tsakanin kashi 56 zuwa 75 na wannan adadi, wato daga 128 zuwa 171. Wanda ba shi da na'urar, bugun zuciya ya ishe shi, ko ya zaɓi tudu ɗaya ya riƙa duba agogo yana auna lokacin hawansa duk bayan mako shida.

Wannan ne ya sa ba na son burin da ke cewa "zan shiga cikin goma na farko". Ba ka san wa zai zo tseren ba, taya na iya fashewa, wani na iya faɗuwa a gabanka. A rubuta shi idan ana so, amma a ƙarƙashinsa a jera abin da ke hannun mutum: awa shida a mako har mako goma sha biyu, FTP daga 228 zuwa 240 kafin tseren B na farko, koyon tafiya dab da tayar wani a cikin ayari ba tare da matse birki ba. Wannan na ƙarshe ba ya bayyana a kowace na'ura, amma wanda ya iya ɓuya daga iska a bayan wasu yakan isa kilomita biyar na ƙarshe da sauran ƙarfi a cinyarsa, alhali wanda ya fi shi wat ya riga ya ƙone nasa a gaba.