Eriyar Yagi-Uda a gasar rediyon sha'awa

Eriyar Yagi-Uda, wadda aka fi kira Yagi, eriya ce da ke tattara ƙarfin sigina ta tura shi gefe guda. Kamarta ɗaya da eriyar talabijin ta kan rufin gida: sandunan alminiyum jere a kan doguwar gora. Sanda ɗaya kaɗai ake haɗa wa kebul. Ta bayanta ta ɗan fi ta tsawo, aikinta maido da sigina gaba. Na gabanta kuwa gajeru ne, su ke jan sa.

Tarihi

Shintaro Uda ne ya yi akasarin gwaje-gwajen a Jami'ar Tohoku da ke Sendai ta ƙasar Japan, wajen 1926, ƙarƙashin Farfesa Hidetsugu Yagi. Akasarin rubuce-rubucen Uda da Japananci suka fito. Yagi ya wallafa bayani da Ingilishi a Amurka a 1928, daga nan sunansa ya bi eriyar, na Uda ya koma baya, alhali shi ya fi shan wahalar aikin.

A gida ba a ɗauke ta da muhimmanci ba. Birtaniya da Amurka da Jamus ne suka sa ta a na'urorin rada lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ana ba da labarin cewa bayan faɗuwar Singafo a 1942, sojojin Japan sun tarar da kalmar "Yagi" cikin takardun wani ma'aikacin rada na Birtaniya, ba su gane sunan ɗan ƙasarsu ba ne.

Abin da ake saryarwa

Abu uku maƙerin Yagi ke nema: ƙarfi a gaba, toshe abin da ke zuwa ta baya, da faɗin mitar rediyo (frequency) da eriyar za ta ɗauka. Ba a samun ukun a cike lokaci guda. In aka matsa wa ƙarfi, faɗin mita ya ragu, juriyar eriyar kuma ta sauka ƙasa da om 50 na kebul (om ma'aunin juriyar lantarki ne), sai an sa abin daidaitawa. Tsawon gora ya fi yawan sanduna tasiri: ninka shi na ƙara wa ƙarfi desibel 2 zuwa 3 (desibel ma'aunin ƙarfin sigina ne).

A gasar rediyon sha'awa, wato ta masu tuntuɓar juna da rediyo don sha'awa, irin CQ World Wide mai ɗaukar awa 48, ana tara maki da yawan tashoshi da ƙasashe da shiyyoyin da aka tuntuɓa. Eriya mai siririn baki tana kai wa nesa, amma mai kira daga gefe ba za a ji shi ba, kuma kafin injin juyawa ya waiga da ita ya tafi. Shi ya sa manyan tashoshi ke jera Yagi biyu ko uku a hasumiya guda, a fuskantar da wata Turai, wata wani gefen. Tsayi daga ƙasa ne ke yanke kusurwar tashin sigina, ga iska da nauyi da ke taƙaita girma.

A zangon mita 20, wato inda tsawon igiyar sigina ya kai kusan mita 20, kowace sanda ta kai kusan mita 10. A na mita 40 ta ninka, don haka ake gajarta ta da naɗin waya, a yi asarar faɗin mita. Eriya guda mai zango uku, 20 da 15 da 10, ta fi araha, ba ta dai kai ta zango ɗaya ba. Tsarin OWA (Yagi mai faɗin mita) na Jim Breakall ya matso da sandar gaba dab da mai kebul, aka samu om 50 kai tsaye da faɗin mita, ƙarfi ya ɗan ragu.

Kishiya

Eriyar kwad, mai zoben waya kusurwa huɗu, Clarence Moore ya ƙirƙiro ta a gidan rediyon HCJB na ƙasar Ekwado a farkon shekarun 1940. Har yau ana gardamar wadda ta fi.