Kututturen da kake ƙonewa jari ne

Duk shekara idan bazara ta kama, daga Daura har Maigatari, hayaƙi ne ke fara sanar da cewa an shiga sharar gona. A sassabe sabara, a sassabe kalgo, a tara a kan kututture a cinna wuta don kada ya sake tohowa. Da yamma mutum ya tsaya a bakin gonarsa ya gan ta fes kamar tafin hannu, ya ce alhamdu lillahi, aiki ya yi kyau. Haka na tashi na ga iyayenmu suna yi, kuma a shekaruna na farko a aikin malamin gona ban taɓa cewa kowa ya daina ba. Bana kuwa roƙo nake yi, 'yan'uwana manoma: kafin ku sa ashana, ku saurare ni.

Na san yadda maganar sauyin yanayi take shiga kunnen manomi. Ana jin ta a rediyo, manya sun taru a wata ƙasa mai nisa, sun ci sun sha sun watse. Idan ta iso ƙauye kuma, da "kada" take zuwa: kada a sare, kada a ƙona, kada a yi gawayi. Wani dattijo ya taɓa katse ni a tsakiyar taro ya ce, "Malam, duk mun ji. To me za mu ci?" Gaskiyarsa. Duk shawarar da za ta rage wa talaka abin sa wa a baki, ba za ta kwana biyu ba. Shi ya sa na zo da labarin maƙwabtanmu na Maraɗi, waɗanda suka gyara ƙasarsu kuma rumbunsu ya ƙaru a lokaci guda.

Bayan farin 1973 da 1974, yankin Maraɗi ya zama fili fetal. An kashe kuɗi mai yawa wajen raba dashe, amma mafi yawansa bai rayu ba: rana ta ƙone wasu, awaki suka cinye wasu, gara ta gama da saura. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ya gaji da dashen da ba ya kamawa, ya tsaya a hanya don ya rage iskar tayar motarsa saboda yashi. Sai ya lura da wani ɗan tsiro a gefen hanya. Da ya duba ganyen sosai, ya gane ashe itace ne da aka sare tun da daɗewa, saiwarsa tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, kowace shekara tana turo toho, kowace shekara ana sassabe shi. Irin wannan kututture kuwa ba iyaka a gonakin mutane. Daji ne guda yake kwance a ƙasa yana jiran a ƙyale shi.

Kada ku ɗauka mutane sun karɓa nan take. Dariya aka yi masa. Da yunwar 1984 ta zo, aka haɗa abin da rabon abinci: wanda ya bar itace a gonarsa a ba shi hatsi. Da rabon ya ƙare, kusan kashi biyu cikin uku na itatuwan aka sare. Wannan wurin nake so a tsaya a kai. Waɗanda suka bari don hatsin agaji sun sare, amma 'yan kaɗan da suka ga gero bai ragu ba, kuma ga itacen girki a kusa, su suka ci gaba. Daga gare su maƙwabci ya gani ya kwaikwaya, gani ya kori ji. Bayan kimanin shekara 20, da masu bincike suka kwatanta tsofaffin hotunan sama da sababbin hotunan tauraron ɗan'adam, suka iske wajen hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, musamman jihohin Maraɗi da Damagaram, sun sake yin itatuwa, kimanin miliyan 200. An ƙiyasta ƙarin hatsin da ake samu a waɗannan gonaki ya kai wajen tan 500,000 a shekara. A can sunan aikin "sassabin zamani". Rinaudo ya samu lambar yabo ta Right Livelihood a 2018, tare da Yacouba Sawadogo na Burkina Faso, manomin da ya farfaɗo da ramukan zai, wato ƙananan ramukan shuka da ake zuba wa taki don su riƙe ruwa. Amma aikin, manoma ne suka yi shi da gatarinsu.

To ina kuɗin yake? Mu fara da shuka. Kowa ya san iskar farkon damina, wadda ke zuwa da yashi ta yanke gero yana ɗan kunne biyu, ko ta binne shi. Mutum ya yi shuka sau biyu, sau uku, iri ya ƙare, kwanaki sun tafi, ga damina ta zama gajera. Gonar da ke da itatuwa a warwatse, iska ba ta ratsa ta da wannan ƙarfin. Shuka ɗaya ta kama, ka tsira da irinka, ka kuma riga wasu da mako biyu.

Sai taki. Ba sai na gaya muku kuɗin buhun takin zamani ba, kun fi ni sani. Ganyen da ke zuba yana ruɓewa a gona, gara tana jan shi ƙasa, ƙasa tana yin laushi tana riƙe ruwa. Dabbobi suna kwanciya a inuwa da rani suna barin kashi da fitsari. Gawo kuwa, Allah Ya yi masa wata baiwa da babu itacen da ya kai shi a wajen manomi: da damina yake zubar da ganye, da rani yake yin kore. Ba ya yi wa gero inuwa lokacin da gero ke son rana, saiwarsa tana ƙara wa ƙasa irin sinadarin da muke saye a buhun yuriya, 'ya'yansa kuma suna faɗowa daidai lokacin da ciyawa ta ƙare. Je ka dubi geron da ke gindin gawo ka dubi na fili, ka ƙirga damin da kanka. Kakanninmu sun san wannan, mu ne muka mance.

Rassan da ake ragewa kowace shekara su ne itacen girki. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 komai ya hau, gidaje da yawa a birni suka koma gawayi da itace, kuɗinsu ya tashi. Matar da ke yin tafiyar rabin yini neman kirare, ko mai gidan da ke sayen itace kullum, su ne za su fara jin sauƙi. Kuma idan akwai itace, ba za a kwashe kara da kashin shanu a kai murhu ba, za su zauna a gona. 'Ya'yan kalgo da na gawo ana tara su a buhu a sayar wa masu kiwo. Aduwa ta ba da 'ya'ya da ganye, magarya ta ba yara abin kai wa kasuwa, bagaruwa majema na nemanta, sabara kuma duk mai jego ta san ta. Shekarar da ruwa ya yanke da wuri, gero ya mutu a tsaye, itace ba ya mutuwa, domin saiwarsa ta yi nisa. Mai itace ya sare reshe biyu ya sayi tiya. Wanda ba shi da shi, akuya zai ɗauka ya kai kasuwa a lokacin da kowa ke kai tasa.

Amfaninsa ga duniya, a taƙaice: itace yana zuƙe iskar da ke ɗumama yanayi ya adana ta a jikinsa da cikin ƙasa. Wannan ita ce maganar da manyan nan suke taruwa a kanta. Kai ka yi don gonarka, wancan ya zo a gyara.

Yadda ake yi ba shi da wuya. Kafin ka fara shara, zaga gonarka ka duba kututturan da suka toho. Zaɓi irin itacen da kake so. A kowane kututture za ka ga toho goma ko ashirin sun cunkushe suna gasa da juna, shi ya sa ba ya wuce gwiwa. Zaɓi mafi ƙarfi kuma mafi miƙewa, daga ɗaya zuwa biyar, ka cire saura. Waɗanda ka bari, ka rage musu rassan ƙasa zuwa rabin tsayinsu, kada ka wuce haka, in ba haka ba iska ko akuya za ta karya su. Adda ko gatarin ya zama mai kaifi, kuma ka sara daga ƙasa zuwa sama, don kada ɓawo ya tsage ruɓa ta shiga. Ɗaura ɗan tsumma mai launi a jiki, duk wanda ya gani ya san mai gona ne ya bar shi da gangan. Ƙayar da ka sare, kewaye gindin da ita. Bayan wata biyu zuwa shida ka dawo ka cire sabon tohon da ya fito. A shekarar farko, guda 40 a hekta ya isa. In kana shakka, yanki kusurwa ɗaya ta gonar ka gwada a can. Ba ka sayi dashe ba, ba ka yi ban-ruwa ba, kuma saboda tsohuwar saiwa ce ke ciyar da shi, girmansa ya fi na dashe sauri nesa ba kusa ba.

Ba zan ɓoye muku matsalolin ba. Ana cewa itace na tara tsuntsaye. Yana tarawa, amma jan-baki idan ya zo ba ya tambayar ko gona na da itace, kuma cikin tsuntsayen akwai masu cin tsutsa da fara. Ana cewa inuwa na kashe shuka. Idan ka bar kalgo ya yi kai ba ka rage shi ba, za ta kashe, shi ya sa aski ya zama na kowace shekara. Mai garmar shanu ko tarakta ya bar itatuwansa a jere yadda huɗa za ta wuce.

Babbar matsalar ita ce sata. Ka yi shekara uku kana reno, dare ɗaya wani ya sare ya ɗora a amalanke. Mutum ɗaya ba ya iya tsare wannan. A Nijar abin bai yi ƙarfi ba sai da manomi ya tabbata itacen gonarsa nasa ne, domin a da na gwamnati ne, ma'aikatan daji suna cin tarar mutum a kan itacen da ke cikin gonarsa. Garuruwa irin su Ɗan Saga a yankin Agiye suka kafa kwamiti, maza da mata da makiyaya, suka sa doka da tara. Mu ma sai an zauna a ƙofar mai unguwa ko dagaci. Kuma a gayyaci Fulani tun zaman farko, a yi magana a kan wane reshe za a iya sara wa dabba da yadda za a sara, domin su ma da rani ganyen nan suke nema. Wanda yake noma gonar aro ko ta haya, ya yi magana da mai gona a gaban shaidu tun yanzu: itacen da na rena, na wa ne?

Akwai shirin gwamnati na Babbar Katangar Itatuwa da ya shafi jihohi 11 na Arewa, akwai kuma ACReSAL, shirin farfaɗo da ƙasar da ta lalace, wanda Bankin Duniya ke tallafawa. Idan sun iso garinku da dashe, ku karɓa, musamman kuka da ɗorawa da tsamiya inda babu kututturensu. Amma ba sai kun jira su ba.

Ranar kasuwa mai zuwa, ku nemi malamin gonar yankinku ku ce ya zo ya nuna muku a gona, ba a ƙarƙashin rumfa ba. Ku taru mutum biyar ko goma waɗanda gonakinku ke jere, kowa ya zo da addarsa a wase da 'yan tsummoki. Kututture uku na farko a yi su tare, na huɗu kowa ya yi da hannunsa.