Maganin Ciyayi Masu Faɗin Ganye a Gonar Alkama

Ciyayi masu faɗin ganye suna rige alkama shan ruwa da cin taki, su kuma yi mata inuwa tun tana ƙarama. Da yake a cunkushe ake shuka alkama, fartanya ba ta shiga tsakaninta da sauƙi, shi ya sa manoma suka dogara da feshin maganin da ke kashe mai faɗin ganye ya ƙyale alkamar.

Waɗanda suka fi daɗewa su ne 2,4-D da MCPA, da suka shigo kasuwa a tsakiyar shekarun 1940. Suna kwaikwayon sinadarin da ke sarrafa girman tsiro, sai ciyawar ta yi girman hauka: kara ya murɗe, ganye ya nannaɗe, cikin makonni ta bushe.

Sai dai alkama ba kowane lokaci take jure su ba, kuma nan ne aka fi yin ɓarna. Lokacin feshi shi ne bayan ta gama fitar da 'ya'ya daga gindi, kafin ta yi ciki. Wanda ya yi gaggawa zai ga zangarniya ta fito a karkace, wanda ya makara kuwa sai ya girbe zangarniya mai ƙarancin ƙwaya. Ciyawar ma tun tana da ganye kaɗan ta fi jin magani. Ranar iska ko tsananin zafi ba ranar feshi ba ce, domin tururin wasu nau'o'in 2,4-D yakan tashi ya faɗa wa auduga, tumatir ko inabin maƙwabci.

A 1982 kamfanin DuPont ya fito da chlorsulfuron, na farko a dangin sulfonylurea, daga baya metsulfuron da tribenuron suka biyo. Waɗannan suna hana tsiro haɗa wasu sinadaran gina jiki, kuma 'yan giram kaɗan sun isa hekta guda. Illarsu biyu ce. Wasunsu kan daɗe a ƙasa mai kanwa har su cutar da dangin wake da aka shuka bayan alkama. Sannan ciyawa na saurin sabawa da su: tun a 1987 aka samu wadda ba ta jinsu a gonakin alkama na Amurka. Saboda haka ake sauya dangin magani daga shekara zuwa shekara, ko a gauraya su da bromoxynil, wanda ke ƙone ganyen da ya taɓa.