Koyon Babur da Neman Lasisi Bayan An Girma: Tambayoyi da Amsoshi

Na haura shekara 40 ban taɓa tuƙa babur ba. Ban makara ba?

Gemu ba ya hana ilimi. Abin da dokokin lasisi suke ƙayyadewa shi ne mafi ƙarancin shekaru, sai kuma lafiyar ido da ta jiki. Matuƙar kana gani sosai, kana iya riƙe nauyin babur da ƙafafunka idan ka tsaya, ƙofa a buɗe take.

Babba yana da abubuwa biyu da matashi ba ya da su. Ya san tsoro, kuma ba ya neman burge kowa. Inda yake shan wahala shi ne sandarewar jiki. Yaro zai faɗi ya tashi yana dariya, shi kuwa babba tun kafin ya hau ya gama lissafin karaya da kwanciyar asibiti, sai ya ƙanƙame kan babur, kafaɗu a ɗage, hannu a miƙe. Babur kuwa ba ya son a ƙanƙame shi. Yawancin aikin kwanakin farko shi ne koya wa hannuwa su saki jiki, a bar gwiwoyi su riƙe tanki.

Idan ba ka iya keke ba, fara da shi. Mako ɗaya ko biyu a kan keke zai rage maka rabin wahalar.

Ina da lasisin mota. Bai wadatar ba?

A mafi yawan ƙasashe bai wadatar ba. Babur ajinsa daban, kuma harafin A ne aka fi ba shi, kamar yadda yarjejeniyar Biyana ta 1968 kan zirga-zirgar hanya ta tsara, mota kuma tana da B. A Amurka galibi ana ƙara wa mutum izinin babur ne a kan lasisin da yake da shi, da harafin M. Wasu ƙasashen suna yi wa mai lasisin mota sassauci a kan ƙananan babura: a Faransa wanda ya shekara 2 da lasisin mota zai iya hawa mai injin 125cc bayan horon awa 7. Tun da doka ta sha bamban, hukumar lasisi ta inda kake zaune ce za ta faɗa maka naka.

Sanin mota yana taimakawa wajen karanta hanya da alamominta. Amma yana zuwa da ɗabi'un da sai an kankare su. Direban mota ya saba idan abu ya taso ya danna birki da ƙafa, a babur kuwa babban birkin a hannun dama yake. Ya saba sigina tana kashe kanta bayan kwana, a yawancin babura sai ka kashe da babban yatsanka, in ka manta ka yi ta yi wa masu mota ƙarya cewa za ka juya. Ya kuma saba ana ganinsa. Wannan na ƙarshen ne ya fi haɗari.

Waɗanne matakai ake bi?

Tsarin kusan ɗaya ne ko'ina, suna ne ke canzawa. Ana gwada ido, a ba ka takardar izinin koyo, ka rubuta jarrabawar dokokin hanya, ka yi horo, sannan a gwada ka a kan babur. Gwajin na ƙarshe yakan kasu biyu: na fili, inda ake jera robobi ka yi ta zagaya su, da na titi, inda mai jarrabawa yake bin ka a baya.

A Birtaniya tun 1990 ba a barin sabon mai koyo ya hau titi sai ya yi horon dole da ake kira CBT, wanda galibi yini guda ne. Takardarsa tana aiki shekara 2, kuma a cikinsu ba goyo, ba hawa babbar hanyar da ake kira motorway, alamar L ta mai koyo tana manne gaba da baya. A Amurka gidauniyar MSF mai koyar da tuƙin babur lafiya, wadda aka kafa a 1973, tana da kwas na 'yan kwanaki, kuma jihohi da dama suna yafe wa wanda ya ci shi gwajin tuƙi na hukuma.

Me ya sa wasu ƙasashe suke raba lasisin babur hawa-hawa?

Saboda babur mai ƙarfi ba ya yafe kuskure. A Tarayyar Turai, tun 2013, A1 na babur ne da girman injinsa bai wuce 125cc ba, ƙarfinsa kuma bai wuce kilowat 11 ba, A2 ya tsaya a kilowat 35, A kuwa ba iyaka. A nan girma yana da rana: a yawancin ƙasashen Tarayyar, wanda ya kai shekara 24 zai iya neman A kai tsaye ba tare da ya bi ta ƙananan ba. Doka ta yarda, amma ni ban ga hikimar mutumin da jiya ya san inda kuloci yake ya sayi babur mafi ƙarfi a shago ba.

Ƙanina gwani ne. Me zai hana ya koya mini a bayan gida?

Zai iya nuna maka yadda ake tayar da inji da sa giya, kuma ba laifi. Matsalar ita ce gwani ya daɗe da manta yadda yake yin abin da yake yi. Ka tambaye shi yadda yake shan kwana, zai ce maka kwantar da jiki kawai yake yi, alhali hannunsa wani abu dabam yake yi. Zai kuma gadar maka da kurakuransa duka, musamman tsoron birkin gaba.

A 1981 aka fitar da wani babban bincike da Farfesa Harry Hurt ya jagoranta a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, inda aka bi diddigin haɗurran babur 900 a yankin Los Anjeles. Kashi 92 cikin 100 na mahayan da abin ya rutsa da su, ko dai su suka koya wa kansu, ko 'yan'uwa da abokai ne suka koya musu. Binciken ya tsufa, kuma a wancan lokacin makarantun koyo ba su yawaita ba, don haka kada a ɗora masa abin da bai ce ba. Duk da haka ya nuna cewa iya tafiya da babur daban, iya tsayar da shi cikin gaggawa daban, kuma na biyun ba a cika koyonsa a bayan gida ba.

Me zan tarar a ranar farko?

Kuloci. Kusan duk ranar a kansa za ta ƙare.

Za a sa ka zauna, ƙafa biyu a ƙasa, ka matse kuloci da hannun hagu, ka taka giya ɗaya da ƙafar hagu. Sai ka fara sakin kulocin a hankali. Da farko ba abin da zai faru. Can wajen tsakiya sai ka ji ƙarar injin ta ɗan yi ƙasa, babur ya fara jan ka gaba, dugaduganka suna ɗagawa. Nan ne wurin. Malami zai ce ka sake matsewa, ka koma baya da ƙafa, ka sake saki, har sai yatsunka sun haddace wannan ɗan taƙin ba tare da ka duba ba. Wanda ya sake shi gaba ɗaya lokaci guda, ko injin ya mutu, ko babur ya zabura. Idan ya zabura jiki yakan koma baya, hannun dama ya ƙara murɗa totur ba da niyya ba, abin ya ƙara lalacewa. Maganinsa ɗaya ne: matse kuloci. Da ka matse, injin zai yi ta ihu amma ƙarfinsa ba ya kai wa taya. Shi ya sa ake cewa ka riƙe totur da wuyan hannu a kwance, kada ka ɗaga shi sama.

Giya kuwa ba ta da wuya. A yawancin babura ta ɗaya ƙasa ake takawa, sauran sama ake ɗagawa, firi tana tsakanin ta ɗaya da ta biyu. Injin zai mutu maka sau da yawa a ranar. Kowa haka ya fara.

Me ya fi kayar da mutane a jarrabawa?

Tafiya a hankali. Gudu yana miƙar da babur da kansa, amma a saurin mai tafiya da ƙafa kai ne kake riƙe shi. Juyawa a koma inda aka fito cikin layi biyu, da zagayen lamba 8, da saƙa tsakanin robobi, su ne inda ƙafa take sauka ƙasa, maki ya tafi.

Dabarar abu uku ce a lokaci guda. Totur a ɗan buɗe ba ya motsi, kuloci a wancan taƙin, ƙafar dama tana ɗan taɓa birkin baya don daidaita sauri. Sannan ido. Babur yana zuwa inda kake kallo. Mai koyo yakan zuba wa robar da yake tsoron takawa ido, sai kuwa ya taka ta. Idan za ka juya, juya kanka gaba ɗaya, haɓa a kan kafaɗa, ka kalli inda kake so ka ƙare. Kuma kada ka taɓa birkin gaba alhali kan babur yana karkace kana tafiya a hankali. Nan take zai kwanta.

A gwajin titi kuma abin da ake yawan rasa maki a kai shi ne waiwaye. Madubi ba ya nuna komai da komai, don haka kafin ka canza layi ko ka juya sai ka leƙa ta kafaɗa, kuma mai jarrabawa yana son ya ga kan ya motsa.

An ce birkin gaba yana wurgi da mutum. Gaskiya ne?

Fizgarsa ce take wurgi da mutum. Idan ka fara tsayawa nauyi yana komawa kan tayar gaba, ya danne ta a kwalta, ta ƙara kamawa, ta baya kuma ta yi sakayau. Shi ya sa kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin tsayawa daga gaba yake zuwa. Wanda ya dogara da na baya kaɗai yana tsayawa ne da ƙaramin rabo, kuma tayar takan kulle ta ja.

Yadda ake yi: ka fara matsawa a hankali don nauyi ya sauka gaba, sannan ka ƙara ƙarfi, kamar mai matse soso. Duka biyun tare, babur a miƙe, ido a gaba. A jarrabawar Birtaniya sai ka kai gudun kilomita 50 a awa kafin a ɗaga maka hannu ka tsaya. A wannan gudun kana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa, kuma idan gudu ya ninka biyu tazarar da birki ke buƙata tana ninka huɗu. Na'urar ABS tana hana taya kullewa, har Tarayyar Turai ta wajabta ta a sababbin baburan da suka wuce 125cc. Idan kana da zaɓi, ɗauki mai ita.

To kwana fa, idan ana gudu?

Nan ne abin da gwanin ƙaninka bai faɗa maka ba. Da zarar gudu ya ɗan ɗaga, idan kana son zuwa dama sai ka tura hannun dama gaba kaɗan. Tayar za ta ɗan kauce hagu, babur ya kwanta dama, ya shiga kwana. Duk mai keke yana yin haka bai sani ba. Amfanin saninsa shi ne ranar da rami ko ƙofar mota ta buɗe a gabanka, za ka kauce da niyya cikin ƙiftawar ido. Rage gudu kuma kafin kwana ake yi, ba a tsakiyarta ba.

Wane kaya zan saya kafin babur?

Hular kwano mai rufe haɓa, wadda ta matse kai ba ta juyawa, da igiyarta a ɗaure. Duba tambarin gwaji a jikinta, irin ECE na Turai ko DOT na Amurka. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kawowa sun nuna hula tana rage haɗarin mutuwa da kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kashi 69. Kada ka sayi wadda wani ya yi amfani da ita, don abin da ke shanye bugu a cikinta sau ɗaya yake aiki, kuma lalacewarsa ba ta nunawa a waje. Sai safar hannu, tun da tafin hannu ne yake fara isa ƙasa, da takalmi mai rufe idon sawu, da jaket da wando masu kauri.

Wane babur ya dace da mai farawa?

Mara nauyi, wanda ƙafarka take kai ƙasa a kansa, kuma wanda ba za ka yi baƙin ciki ba idan ya faɗi ya ƙuje. Zai faɗi.

Na ci jarrabawa. Shi ke nan?

Watannin farko su ne mafi haɗari. A binciken Hurt fiye da rabin waɗanda suka yi haɗari ba su kai wata 5 a kan babur ɗin da suka faɗi da shi ba. Kuma haɗarin da aka fi samu tsakanin babur da mota shi ne a mararraba, mota ta karyo kwana ta gitta gaban babur, direban ya ce wallahi bai gan shi ba. Sau da yawa gaskiya yake faɗa. Idonsa mota yake nema, babur kuwa siriri ne, yana da wuya a ƙiyasta saurinsa. Don haka idan ka doshi mararraba ka ga mota tana jira, rage gudu, ɗora yatsu biyu a kan birki, ka kalli tayarta ta gaba. Fuskar direba za ta iya kallonka ba ta gan ka ba, amma taya in ta fara juyawa motar ta taso.

Bar tazarar daƙiƙa 2 aƙalla tsakaninka da na gaba, ka ƙara idan ana ruwa. Fara da hanyoyin da ka sani a lokacin da ba cunkoso, dare da ruwan sama su biyo baya. Goyo kuma a jinkirta shi, ko da doka ta ba ka dama: nauyin mutum a baya yana ƙara tazarar tsayawa, yana sa gaba ya yi sakayau, kuma idan ya motsa a kwana kai ne za ka gyara. In lokacin ya yi, fara da shi a fili, ka ce masa ya riƙe ƙugunka, ƙafafunsa kada su bar matakai ko an tsaya, ya riƙa kallo ta saman kafaɗarka ta ɓangaren da za ku juya.