Mene Ne Zanen Fentin Ruwa?

Zanen fentin ruwa shi ne wanda ake yi a kan takarda da garin launi da aka kwaɓa da ƙaro, sannan a tsarma shi da ruwa. Ƙaron nan dai da ake sa wa tawadar allo, wanda Sudan da Chadi da Najeriya ke fitarwa waje, shi ke riƙe launin bayan ruwan ya bushe. Fentin ba kauri, ana hango takardar ta ƙarƙashinsa, saboda haka inda mai zane ke son haske sai ya bar wurin fari. In hannu ya goce kuwa, gyara sai da wuya.

A Ingila, farkon ƙarni na 19, zamanin da ake kira Romantik, lokacin da mawaƙa da masu zane suka fifita shauƙi da hangen zuci a kan ƙa'idar makaranta, akasari duwatsu da koguna ake zanawa da shi. Manyan labaran addini na fentin mai ne. William Blake (1757-1827), mai zane kuma mawaƙi, bai bi wannan ba, don ya tsani fentin mai, yana ganin dagula launi yake yi.

Ya ɗauki Paradise Lost, doguwar waƙar John Milton ta 1667 wadda ta faɗaɗa labarin Adamu da Hauwa'u yadda yake a Littafin Farawa na Kiristoci. Ya yi zane 12 a 1807 don wani limamin coci, Joseph Thomas, ya sake wasu 12 mafi girma a 1808 don Thomas Butts, wani mai yawan sayen zanensa. Da alƙalami yake fitar da siffa, layi tsaf, launi kuma sama-sama. A ganina ƙarfin aikin a layin nan yake.

Shaiɗan ɗinsa ba ƙaho, ba muni. A wani zanen ƙaƙƙarfan saurayi ne yana shawagi bisa Adamu da Hauwa'u, maciji nannaɗe a jikinsa, yana kallonsu cikin hassada da baƙin ciki. Dama Blake ya taɓa rubuta cewa Milton ɗan ɓangaren Shaiɗan ne bai sani ba.

Haske na kashe irin wannan launi, shi ya sa ba kullum ake baje waɗannan zane-zane ba. Na 1807 suna ɗakin karatu na Huntington a Kalifoniya, yawancin na 1808 kuma suna gidan adana zane na Boston.