Barin cin nama alhali aljihu ba nauyi, zai yiwu kuwa?

Duk lokacin da maganar barin nama ta taso sai ka ji wani ya ce ai wannan abincin masu kuɗi ne, talaka ina shi ina wannan iyayi. Ni dai ban yarda ba, shi ya sa na tattaro tambayoyin da aka fi yi akan batun in amsa su iya sanina.

Wai menene bambancin bejiteriyan da bigan ɗin nan?

Bejiteriyan baya cin nama da kifi amma yana shan madara, da yawansu ma suna cin ƙwai. Shi kuwa bigan ya haɗa duka ya ajiye, ba nama ba kifi ba ƙwai ba madara, kai har zuma baya sha. Wani Bature mai suna Donald Watson ne ya ƙirƙiro kalmar bigan a Ingila a 1944, su kuwa 'yan bejiteriyan tun 1847 suke da ƙungiyarsu a can.

To da gaske ne ya fi tsada?

Ya danganta da abinda ka zuba a kwando. In ka ce sai ka ci naman bogi da kamfani ya sarrafa daga tsirrai, da cukun bogi, da madarar almon ta kwali, toh wallahi kuɗinka zai ƙare tun wata bai raba ba, domin ba abinci kaɗai kake biya ba, kana biyan kuɗin inji da fakiti da talla ne. Waɗannan an yi su ne don mai kewar ɗanɗanon nama, ba wai jiki ne yake buƙatarsu ba. Amma busasshen wake, shinkafa, masara, alkama, gyaɗa, dankali, kabeji, albasa, kusan ko'ina a duniya suna cikin abinci mafi arha. Ka auni kofi ɗaya na busasshen wake ka jiƙa shi da daddare, da safe zaka tarar ya sha ruwa ya cika kwanon, in ya dahu sai ya koma kofi biyu zuwa uku. Nama kuwa in ka dafa shi tsukewa yake yi.

Ina zan samu furotin in ba nama?

Wannan ita ce tambayar da kowa ke fara yi, kuma gaskiya ita ce mafi sauƙi. Baligi mai lafiya yana buƙatar kusan giram 0.8 na furotin a kowane kilo na nauyinsa a rana, wato mai kilo 60 kamar giram 48 kenan. Busasshen wake giram 100 yana ɗauke da sama da giram 20, gyaɗa wajen 25, waken soya kuwa ya kai 36. Ƙwai guda ɗaya wajen giram 6 ne, ga wanda yake ci.

Sai dai akwai ɗan abin lura. Furotin ɗin hatsi yana da ƙarancin wani sinadari da ake kira layisin, wake kuma yana da shi sosai, shi kuma waken yana da ƙarancin metiyonin wanda hatsi ke da shi, kaga kenan kowanne yana toshe ɓarakar ɗan uwansa. Da can ana cewa dole a haɗa su a faranti ɗaya, yanzu an gano ba dole bane, in ka ci hatsi da safe ka ci wake da dare shikenan jiki zai yi lissafinsa.

Akwai abinda tsirrai ba zasu iya bani ba?

Akwai, bitamin B12, kuma nan ne nake so a natsu a karanta. Tsirrai basa yin sa, ƙwayoyin bakteriya ne suke yin sa, mutane kuma suna samu ta nama da kifi da ƙwai da madara. Abinda baligi ke buƙata ɗan mitsitsi ne, maikirogiram 2.4 a rana (maikirogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram), amma rashinsa ba wasa bane: ƙarancin jini, kasala, mantuwa, jin hannu da ƙafa suna yi kamar ana tsira maka allura, in abin ya daɗe ma jijiyoyi na iya lalacewa har abada. Abinda ke yaudarar mutane shine hanta tana ajiye shi na shekaru, sai mutum ya yi shekara biyu garau yana cewa ai ni ban taɓa shan komai ba gani lafiya lau, alhali rumbun ne yake ƙarewa a hankali bai sani ba. Mai cin ƙwai da madara akai-akai yana da sauƙi, amma bigan dole ya sha ƙwayar B12 ko ya riƙa cin abincin da aka ƙara masa shi. Ƙungiyar bigan ta Ingila tana bada shawarar maikirogiram 10 kullum ko 2000 sau ɗaya a sati. In ka tsuke bakin aljihu a komai, banda nan, dama ba wani tsada ne da ita ba in ka raba kuɗin kwalba ɗaya da watannin da zata yi maka.

Ance mai barin nama jininsa yana ƙarewa?

Ba dole ba. Wake da ganye suna da sinadarin ayon mai gina jini, matsalar dai jiki baya zuƙar na tsirrai kamar yadda yake zuƙar na nama, shi ya sa a Amurka ake cewa wanda baya cin nama ya nemi ninki 1.8 na abinda mai ci yake buƙata. Dabarar kuma bata cin ko sisi: ka haɗa da mai bitamin C kamar tumatir ko tattasai ko ka matsa lemon tsami akan abincin, sannan ka jinkirta shayi da kofi zuwa kamar awa ɗaya bayan cin abinci don suna tare hanyar ayon ɗin. Mata su suka fi buƙatar kula da wannan saboda al'ada. Gishiri kuma a riƙa sayen mai aidin, wani sinadari ne daban da jiki ke buƙata.

Ni fa wake yana kumbura min ciki.

Kusan kowa haka ne da farko. Akwai wani nau'in sukari a cikinsa da hanji baya narkarwa sai bakteriyan ciki sun yi aikinsu, iskar daga nan take. Ka jiƙa shi ya kwana, ka zubar da ruwan jiƙon, ka dafa da sabo har ya yi luguf, kuma kar ka tashi rana ɗaya ka ce daga yau sau uku zaka ci, a hankali ake ƙarawa har ciki ya saba. Jan waken nan mai siffar ƙoda kuma dole ya tafasa sosai aƙalla minti 10, in bai dahu ba yana sa amai da gudawa.

Kayan lambu fa, ai saurin lalacewa suke?

Nan ne ma kuɗin mutane da yawa yake zurarewa, a sayo ganye da ɗoki a jefa a firij, bayan kwana huɗu a ɗauko shi ya yi yauƙi a zubar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a rana, bata ce sai masu tsada ba. Ka sayi abinda yake kakarsa, ka dogara da masu jure ajiya irin kabeji da karas da albasa da kabewa, ganye kuma iya na kwana biyu. Na daskarewa da na gwangwani duk suna shiga lissafi. Wake kuma ka dafa babbar tukunya sau ɗaya ka kasa shi gida-gida a firiza, ka huta da ƙona gas kullum.

Yara da masu juna biyu zasu iya?

Zasu iya amma ba da ka ba. Ciki da shayarwa da girman yaro suna buƙatar ƙarin B12 da ayon da kalsiyam, kuma cikin yaro ƙarami ne, yana iya ƙoshi da ganye alhali bai samu abinda zai gina shi ba. A zauna da likita tukunna a tsara abin, in da hali a gwada jini kafin a fara.