Tantance al'amuran jinsi a ayyukan makamashi

Tantance al'amuran jinsi a ayyukan makamashi bincike ne da ake yi tun aiki yana kan takarda, kafin a kafa turke ko a ja waya, domin a gano yadda zai shafi maza da yadda zai shafi mata. Aikin kan iya zama jan wutar lantarki zuwa unguwa, ko kafa sola a kasuwa, ko raba murhun zamani, ko shimfiɗa bututun gas. Tambayoyin ba su da yawa: wa ke amfani da wane makamashi, a wane aiki, da wane lokaci? Wa ke biya? Wa ke da ta cewa wajen saye? In an yi asara, a kan wa za ta faɗa? Abin da ake nufi da jinsi a nan shi ne rabon aiki da dukiya da iko tsakanin maza da mata, kamar yadda al'ada da addini da tattalin arzikin kowane wuri suka tsara shi. Shi ya sa amsar da aka samu a wani ƙauyen Tanzaniya ba lallai ta yi aiki a Gwale ko Fagge a Kano ba.

Asali

Masu tsara ayyukan lantarki sun daɗe suna ƙirga gida a matsayin abu guda: gida dubu kaza sun sami wuta, shi ke nan. Daga shekarun 1970 masu nazarin raya ƙasa suka fara nuna cewa gida ɗaya ba aljihu ɗaya ba ne. Wannan ba sabon labari ba ne ga Bahaushe, wanda ya san kuɗin sana'ar mace nata ne, har takan ranta wa mijinta ya biya ta.

A 1985 masana a Jami'ar Harvard ta Amurka suka fitar da tsarin bincike mai duba abu uku: wa ke yin wane aiki, wa ke amfani da wace dukiya kuma wa ke da iko a kanta, sannan me ya sa abin yake haka. Masaniya Caroline Moser ta ƙara da bambanta buƙatun yau da kullum, irin su ruwa da itace, da buƙatun da ke canza matsayin mace, irin su mallaka da shiga shawara. Taron mata na duniya da aka yi a Beijin a 1995 ya sa gwamnatoci suka amince a riƙa duba jinsi a kowace manufa. A 1996 aka kafa ENERGIA, ƙungiyar ƙasa da ƙasa da ta keɓe kanta ga jinsi da makamashi. Muradun ci gaba mai ɗorewa na 2015 sun ware na 5 ga daidaiton jinsi, na 7 ga makamashi. A yankinmu kuma, shugabannin ECOWAS sun amince da manufar shigar da jinsi cikin samar da makamashi a taronsu na Monrobiya a 2017.

Yadda ake yinsa

Ana farawa da tattara bayanai a rarrabe, na maza daban na mata daban. Sai a bi yini guda tun daga asuba har bayan isha'i a rubuta abin da kowa ke yi da irin wutar da yake buƙata. Ana zama da maza, ana zama da mata su kaɗai, domin abin da mace za ta faɗa a gaban surukinta ba shi za ta faɗa a cikin 'yan uwanta mata ba. Abin da aka gano sai a mayar da shi shirin aiki mai kasafin kuɗi da ma'aunai, a dawo bayan shekara ɗaya ko biyu a ga me ya canza. Wannan mataki na ƙarshe shi aka fi tsallakewa, shi ne kuwa ya fi muhimmanci.

Girki da hayaƙi

Babu inda rashin wannan bincike ya fi fitowa fili kamar murhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutane kimanin miliyan 3.2 a 2020, kuma sama da mutum biliyan 2 ke girki da itace, gawayi, kara, kashin shanu ko kananzir. Mai zama gaban murhu da goyon da ke bayanta su suka fi shaƙar hayaƙin.

Duk da haka tarihin murhun zamani cike yake da kayan da aka raba aka jingine. A jihar Odisha ta Indiya, masu bincike sun bi gidajen da aka gina wa ingantaccen murhu har shekara 4, suka tarar hayaƙin da masu girki ke shaƙa ya ragu a shekarar farko kawai. Daga nan murhunan suka lalace, ba a gyara ba, aka koma na da. Indiya ta sake dabara a 2016 da shirin Ujjwala, inda ake rubuta tukunyar gas da sunan matar gida, sai kuma aka tarar ba karɓar tukunya ke da wuya ba, sake cika ta ne. A ƙasar Hausa jarrabawar murhu ita ce tuwo. Murhun da ba zai riƙe babbar tukunya ba idan uwargida ta sa muciya ta fara tuƙi, ko yaya yake rage itace, ƙarshensa ruwan shayi zai riƙa dafawa.

Akwai kuma inda tambaya ta yi amfani. A Mali, a shekarun 1990, an tsara injin dizal guda da ke juya injin niƙa da na sussuka da cajin batir, aka damƙa shi ga ƙungiyoyin mata, domin an gano daka da niƙa ke cinye musu yini. A KwaZulu-Natal ta Afirka ta Kudu, wani nazari da aka wallafa a 2011 ya nuna jan lantarki zuwa karkara ya ƙara yawan mata masu aikin yi da kimanin maki 9 cikin 100 a shekara 5.

A birnin Kano

Hoton da rahotannin ƙasashen waje suka saba ɗorawa a bango, na mace ɗauke da damin itace a ka tana tafiyar mil da yawa, bai dace da cikin birnin Kano ba. A nan itace da gawayi saye ake yi. Motoci ke kawo su daga nesa, maza ke faskare, maza ke sayarwa, yara ke sayowa. Abin da makamashi ke ci wa matar birni ba tafiyar daji ba ne, kuɗi ne da hayaƙi da lokaci. Mai binciken da ya zo da tambayar "awa nawa kike yi wajen samo itace?" zai koma da takarda cike da sifiri, ya ɗauka babu matsala.

Matsalar tana bayan zaure. Yawancin matan aure a tsohon birni da unguwanni irin su Kurna da Ɗorayi da Rijiyar Lemo suna sana'a ba tare da sun fita ba, abin da masaniya Polly Hill ta kira ɓoyayyen cinikin ƙasar Hausa. Ƙosai da waina da awara, ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, alkaki da dambu, gurasar da Jakara ta yi suna a kanta, duk wuta suke ci, ba kaɗan ba. Zoɓo da kunun aya da ƙanƙara firiza suke so. Ga keken ɗinki, ga markaɗen da ake aika yaro ya kai inji tun da sassafe. A lissafin masu raba wuta waɗannan duk "gidajen kwana" ne, alhali tsakar gida da yawa ƙaramar masana'anta ce. Idan aka auna buƙatar irin wannan unguwa da ƙwan lantarki uku da fanka da talabijin, taransifomar da za a kawo ba za ta ɗauka ba.

Lokacin zuwan wutar ma magana ce. Tun Afrilun 2024 masu amfani da lantarki da aka sa a rukunin A (Band A) ke biyan kuɗi mai tsada bisa alkawarin awa 20 a rana, sauran rukunoni kuma awoyinsu ba su kai haka ba. Ga mai sayar da ƙanƙara, awa 6 a jere ba ɗaya suke da awa 6 a gutsuttsure ba, domin ruwa ba ya daskarewa da kawo-ɗauke. Wutar da aka kawo ƙarfe 2 na dare kuwa an san wa ke tashi ya yi guga ya tara ruwa.

Sai batun wa ke biya. Cefane da kuɗin makamashin girki suna wuyan maigida, shi ke yanke ko za a sayi tukunyar gas, shi kuwa ba ya zama a madafa. Itacen sana'a kuma mace ke saye daga jarinta. A gidan mata biyu ko uku, inda kowacce ke da ranar girkinta, tukunyar gas guda kan zama abin rigima: wa ta ƙarar? A gidan haya mai mita ɗaya, mai firiza ita ake fara kallo idan kati ya ƙare da wuri. Bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, gidaje da dama da suka koma gas sun sake ɗauko kurfoti da gawayi. Binciken kirki yakan tambayi maigida da matansa kowa daban, kuma yakan duba ko za a iya biya kaɗan-kaɗan, yadda mata suka saba da adashi.

Hanyar shiga ita ce rabin aikin. Namiji baƙo iyakarsa zaure. "Ba a shiga" aka rubuta ko ba a rubuta ba. Idan an yi taron jin ra'ayi a ƙofar gidan mai unguwa bayan la'asar, maza ne za su hallara, su ce a sa fitilar kan titi da wutar masallaci da shaguna, duk kuwa buƙatu ne na gaskiya. Amma ba za a ji maganar injin markaɗe ba, ko famfon burtsatse, ko hasken ɗakin haihuwa. Dole sai da mata masu tambaya, masu jin Hausar cikin gida, da izinin maigida, a lokacin da aka sauke tukunya. Makarantun Islamiyya na matan aure da ƙungiyoyi irin su FOMWAN, gamayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Najeriya wadda aka kafa a 1985, wurare ne da ake samun mata a tare. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Hasken ɗakin haihuwa kuwa ba ƙaramin abu ba ne: ganin yadda ake karɓar haihuwa cikin duhu a wani asibitin Zariya a 2008 shi ya sa likitar Amurka Laura Stachel da mijinta suka ƙirƙiro akwatin solar da yanzu ake amfani da shi a ƙasashe da dama.

Manyan ayyuka

Kano ta ga manyan ayyukan makamashi a 'yan shekarun nan: solar kasuwar Sabon Gari ƙarƙashin Hukumar Samar da Lantarki a Karkara, tashar megawat 7.1 ta Jami'ar Bayero da aka buɗe a 2019, wadda aka haɗa da horar da ɗalibai mata, tashar sola mai megawat 10 a Challawa da aka buɗe a 2023, da bututun gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta, ya bi ta Kaduna, zuwa Kano da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020. A irin waɗannan, tambayoyin sukan koma kan fili da diyya da ɗaukar ma'aikata. Wuta a kasuwa tana zuwa ne ga mai rumfa, masu rumfa a manyan kasuwannin Kano kuwa galibinsu maza ne. Wadda ta soya abin da ake tallansa a cikin kasuwar tana gida.

Diyya ta fi sarƙaƙiya. Dokar filaye ta 1978 ta tanadi biyan amfanin gona da gini da bishiyoyi, kuma wanda sunansa ke takarda shi ke karɓa. Mace tana da gadonta a shari'a, amma sau da yawa gonar tana hannun 'yan uwanta maza ba a raba ba. Idan aka sare ɗorawa, mai gona aka biya. Mai daddawar da ke sayen kalwarta kowace shekara ba ta cikin lissafi. Dokar auna tasirin muhalli ta 1992 ta wajabta bincike kafin manyan ayyuka, sai dai zurfin da ake yi a ɓangaren jinsi ya fi dogara da sharuɗɗan masu ba da bashi irin su Bankin Duniya da Bankin Raya Afirka.

Suka

Sukar da aka fi yi ita ce binciken kan zama cika sharaɗi: a ɗauko ƙwararre ya rubuta babi guda bayan injiniyoyi sun gama zane, a ƙirga mata nawa suka zo taro, a rufe fayil. Wasu kuma na ganin ana haɗa mata duka a kwando ɗaya, alhali matar attajiri a unguwar Nasarawa mai sola da janareta ba ruwanta da damuwar bazawara mai tuyar awara a gidan haya. A Kano akwai ƙarin tarnaƙi: kalmar jinsi kanta wasu na jin ta a matsayin ajandar Turawa, don haka masu aikin fili sukan ajiye ta su yi magana da sunan lafiyar iyali da sana'ar mata. Ragin lokaci ma ba kullum yake zama hutu ba. Inda aka sa ƙwan lantarki a tsakar gida, mai saƙar hula takan ƙara awa biyu ne a kan aikinta bayan yara sun kwanta.